Kamara ba ta san yauƙi ba

Duk mai salula a cikinmu ya san abin da ke cika statun WhatsApp ranar Salla ko lokacin buɗa-baki: soyayyun kaji, salak da yankakken ƙwai, shinkafa da miyar tumatir, kwalaben jus an jera su kamar sojoji. To ku ƙidaya mini sau nawa kuka ga tuwon gero da miyar kuka a wurin. Alhali in za a faɗi gaskiya, da yawa daga cikinmu shi muka taso da shi, kuma shi za mu tarar in mun koma gida hutu. Ka tambayi mutum a fada me ya sa bai taɓa sa tuwon gidansu ba, amsar guda ce: «Ai ba ya kyau a hoto.»

Ni ban yarda da wannan amsa ba. Tuwo yana kyau a hoto. Matsalar ita ce muna ɗaukarsa da dabarar da aka ƙirƙiro don wani abinci daban. Irin hotunan da suka cika Instagram tun fitowarsa a 2010, kusan salonsu ɗaya ne: a tsaya daga sama, a sa farin faranti, kowane abu a gefensa da launinsa, ja nan, tsanwa can, rawaya a tsakiya. Wannan ya dace da fiza da salak, don kyansu a launi yake. Namu abincin kuwa dakawa ake, a tuƙa, a kaɗa, har komai ya zama abu guda. In ka hau kansa daga sama kana neman launi, ruwan ƙasa kawai za ka samu da ruwan toka.

Karatun ilimin harsuna ne ya nuna mini inda kyan nasa yake. A aji an yi mana bayanin wasu masu bincike biyu na Amurka, Brent Berlin da Paul Kay, waɗanda a 1969 suka fitar da littafi kan sunayen launi a harsunan duniya. Sun ce in harshe yana da sunan launi biyu kawai, to fari da baƙi ne, in ya samu na uku, ja ne. Sai na dubi Hausa. Muna da fari da baƙi da ja, ga tsanwa da shuɗi da rawaya, amma daga nan sai aro daga jikin abubuwa: ruwan toka, ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan hoda. A fannin launi dai ba mu tara dukiya mai yawa ba.

Amma shiga madafa ka ji. Wani malaminmu ya ba mu aikin tattaro amsa-kama daga karin harshen garinmu, wato kalmomin nan irin su fat a «fari fat» da wur a «ja wur». Na koma Maraɗi hutu, na zauna kusa da murhu da kaye da biro, ina rubuta abin da matan gidanmu ke faɗa suna aiki. Gari ya yi laushi luƙui. Miya ta yi kauri kirtif, ko ta yi ruwa tsululu. Nama ya dahu luɓus. Ƙosai ya soyu ƙayau. Dambu ya yi washar-washar. Ƙuli-ƙuli garas-garas. Ban da sunaye irin su yauƙi da danƙo da sulɓi da gardi da maiƙo. Kafin hutun ya ƙare na cika shafuka. Ban ji ko sau ɗaya an yabi miyar kuka da cewa ta yi tsanwa ba. Cewa ake ta kama tuwo.

Ashe mu da yatsu da baki muke yabon abinci. Saboda haka aikin mai ɗaukar hoton abincinmu shi ne ya sa ido ya ji abin da yatsu ke ji. Duk dabarun da zan kawo a ƙasa daga nan suka fito.

Kada wani ya ce wannan zancen ƙoshi ne. Yayata tana sana'ar dambu da awara da waina a cikin gida, da ita take ciyar da ƴaƴanta uku, kuma kuɗin motar da ke kai ni Yamai, tafiyar da ta fi kilomita 600, sau da yawa daga tukunyarta suke fitowa. Ba ta da shago, ba ta ɗora wa yarinya talla. Statunta shi ne tallarta. In hoto ya ja ran mace a wata unguwa, sai ta kira ta yi komandi, a ba ɗan kabu-kabu ya kai. In bai ja ba, yatsa ya wuce zuwa na wata. Wata rana ta miƙo mini salularta ta ce: «Auta, kai da ka yi boko, duba mini abin ga. Dambuna ya hi na kowa a unguwar ga, amma a hoto sai ka ce ƙasar gini.» Na duba. Da dare take ɗauka, cikin ɗaki, ƙarƙashin ampul, filash a kunne. Hutun nan gaba ɗaya mun yi shi muna gwaji da ƴar Tecno ɗinta, yau a ƙofar ɗaki, gobe a zaure. Ga abin da muka tarar.

Na farko kuma babba, haske. Kashe filash, ka manta da shi. Filash yana fitowa daga inda kamara take, ya bugi abinci a fuska, ya share duk wata inuwa. Ƙananan inuwoyin nan da ke tsakanin tsaki da tsaki kuwa, su ne ke gaya wa ido cewa dambu ya yi washar-washar. In babu su, sai ya zama kamar an shafe shi da cokalin magini. Ga kuma maiƙo da filash ke mayarwa farin tabo. Hasken da ake so shi ne wanda ke zuwa daga gefe. Ɗauki kwanon ka ajiye shi a bakin ƙofar ɗaki ko kusa da taga, inda inuwa take amma hasken waje na shigowa. Ka tsaya yadda ƙofar za ta kasance a damarka ko a hagunka, kada ta zama a bayanka, don kada inuwarka ta faɗa cikin miya. In gefe ɗaya ya yi duhu da yawa, sa wani ya riƙe farar takarda ko farin mayafi a ɗaya gefen, zai mayar da haske kan abincin. Shafin kaye ma ya isa.

Lokaci ma yana da nasa. Ranar tsaka ba ta da tausayi, tana zuwa daga bisa ta yi inuwa baƙa ƙirin, fari kuma ya ƙone. Hantsi da bayan la'asar sun fi. Ƙarƙashin bedi akwai sanyi amma ba wurin hoto ba ne, ganye yana yayyanka haske, abinci ya fito dabbare-dabbare da ɗan tsanwa-tsanwa. Rumfar leda mai launi ma haka, in shuɗiya ce waina za ta fito kamar mai ciwo. In ba makawa sai da dare, to a zaɓi haske guda. Kada a haɗa farin ampul da jan ampul, kamara takan rikice ta rasa wanne za ta ɗauka a matsayin fari. Kashe na sama, ka sa wani ya riƙe tocila daga gefe, a ɗora mata farin ƙyalle marar kauri don hasken ya yi taushi. Lokacin hazo kuwa wata kyauta ce da ba mu lura da ita: ƙura tana tace rana, tsakar gida gaba ɗaya ta zama kamar inuwa mai haske. Sai dai a goge idon kamara da gefen riga kafin kowane hoto. Wallahi hotuna da yawa da ake zargin salula a kansu, maiƙon yatsa ne da ƙura.

Akwai wani abu da salula ke yi wanda ya kamata a sani. Ita ke zaɓar yawan hasken da za ta ɗauka, kuma kullum tsaka-tsaki take nema. In ka cika mata ido da farar fura, sai ta rage haske, furar ta fito ruwan toka. In ka cika shi da baƙar miya, sai ta ƙara, miyar ta koɗe. Maganinsa ka taɓa fuskar salula daidai wurin da kake so ya fito sarai. A mafi yawan saluloli wata ƴar alamar rana za ta bayyana, ka ja ta sama ko ƙasa da yatsa. Ga fura a ɗan ƙara. Ga tuwo da miya a kwano guda, taɓa kan tuwon ka ɗan rage, har sai ka ga sawun mara a jikin malmalar. Wannan sawun shi ke cewa tuwon ya tuƙu.

Na biyu, daga ina za a tsaya. Tambayi kanka: abincin nan shimfiɗe yake ko tsaye? Abin da ke shimfiɗe, kamar waina a cikin tanda, ko cukun Tawa, ko alkakin Damagaram a jere kan faifai, a ɗauke shi daga sama, amma hasken ya zo daga gefe. Cuku fari ne falalan, sai haske ya kwanta a kansa kake ganin layin tabarmar da aka shanya shi a kai. Abin da ke da tudu kuwa, irin su malmalar tuwo da tulin dambu da curin dawo, a sauko masa. Zauna kamar za ka ci, ka riƙe salula daidai inda idonka yake in ka sunkuya kan kwano. A nan ne tuwo ke da kafaɗa, miya ta kewaye shi kamar tafki. Kilishi kuma nasa daban ne. Ɗaga falle ɗaya tsakaninka da hasken ƙofa. Inda mahauci ya yanka shi siriri, haske zai ratsa ya yi ja kamar garwashi, a ga ɓarɓashin yaji da labu a jikinsa. Wanda ya san kilishin Madawa ko na Tasawa, yana gani yawunsa zai tsinke.

Kada a cusa salula cikin kwano. Idon kamarar salula mai faɗin gani ne, in ya matso sosai yakan kumbura abin da ke kusa ya ƙanƙantar da na nesa, kwano ya karkace. Ja baya kamar kamu ɗaya ko fiye, ka ɗauka, daga baya ka yanke gefunan. Zum da yatsu biyu a salula mai kamara guda ba ya kusanto da komai, buɗa hoton kawai yake yi har ya dagule. Kuma tunda statu a tsaye yake, riƙe salular a tsaye, ka bar fili sama ko ƙasa inda za a rubuta farashi.

Na uku, motsi. Yauƙi ba ya zaune cikin kwano. Miyar kuɓewa in tana kwance, ba wanda zai gane ta daga ruwan kududdufi. Sai an ɗaga ludayi, zaren nan ya miƙe tsakanin ludayi da tukunya, sannan ta zama miyar kuɓewa. Don haka ana son mutum biyu, ɗaya ya ɗiba ɗaya ya ɗauka. A saluloli da yawa in ka danne maɓallin ɗauka ka riƙe, za ta yi ta ɗauka a jere, sai ka zaɓi wanda zaren ya fi tsawo. Haka za a yi wa zuma in ana zuba ta kan waina, da nono in ana tsiyaya shi kan dawo. Awara kuma a ɓara guda biyu, a ga bayanta ƙayau, cikinta fari luɓus. Hoto guda ya faɗi amsa-kama biyu.

Hannu ma ya shiga. Mu ba da cokali mai yatsu muke cin tuwo ba, to don me za a ajiye shi kusa da kwano don hoto? Hannun dama wankakke, ya yanko loma, babban yatsa ya yi mata rami, miya ta cika ramin. Duk Bahaushen da ya ga wannan ya san abin da ke biye. Tururi kuwa shi ke faɗin «da zafinsa». Ba ya fitowa sai bayansa da duhu kuma haske na zuwa daga baya ko gefe. Safiyar ɗari a watan Disamba ko Janairu, tukunyar dambu a bakin ƙofa, duhun ɗaki a bayanta: nan Yaya ta samu hoton da har yau shi take maimaitawa.

Na huɗu, mazubi. Akushi baƙi ne, farin tuwo a cikinsa fitowa yake tas. Ƙwarya tana ba fura ɗumin da kofin roba ba zai ba ta ba. Faifai, tabarma, ludayin duma, ƴar tasar yaji a gefe, duk suna cikin gidajenmu, ba sai an saya ba. Hausawa na cewa ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Kayan nan da muka tura bayan ɗaki, su suka fi dacewa da abincin da aka yi su dominsa. Sai dai kada a cika tarkace, abu biyu ko uku sun isa. A duba bayan hoton kafin a danna, don takalmi ko bokitin wanke-wanke kan laɓe a kusurwa. A goge bakin kwano in miya ta ɗiga. In miyar ta yi duhu da yawa, ɗan man shanu a kai ko jan tattasai guda a gefe ya wadatar, muddin abin da ake ci da ita ne.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci. An san masu shirya hoton talla a Turai da Amurka da dabaru irin su zuba farin gam a madadin madara don kada abin da ke ciki ya jiƙe. Su ba ruwansu, ba su san mai saye ba. Yaya kuwa za ta haɗu da mai sayenta a gidan suna. In ka ja filtir har dambu ya yi tsanwa shar kamar filin ƙwallo, ko ka tula nama a kwanon hoto alhali na dala arba'in ba ya zuwa da nama, ka ci ciniki guda ka rasa mutum. Gyaran da ya halatta kaɗan ne: a yanke gefe, a daidaita haske, a miƙar da abin da ya karkace. Abin da ke hoto shi ɗan kabu-kabu zai kai. Ba zan ce hoto kaɗai ne ya ƙara mata ciniki ba, hannunta ne ke dawo da mutane. Amma sababbin lambobi sun fara kira, kuma da yawansu da magana guda suke farawa: «Wanda na gani a statu nake so.»

Wani ɗan ƙarin bayani: WhatsApp yana matse hoto don ya rage nauyi, kuma ƙananan abubuwan nan da muka sha wahala a kansu, su ke fara ɓacewa. In za ka tura wa wani don ya buga ko ya ajiye, tura shi a matsayin takarda, ko ka danna alamar HD da aka ƙara tun 2023. Yana cin mega kaɗan fiye da na kullum, amma yana kai tsakin dambu lafiya.

Saura ladabi, wanda ba salular da ke koyarwa. Mai waina a bakin hanya ba kayan kallo ba ce. Gaishe ta, saya, sannan ka nemi izini, kuma in ta ce hannunta kawai, to hannunta kawai. Matan aure da yawa ba su son fuskarsu ta yi yawo, kuma da zarar hoto ya bar salularka ba ka da iko da shi. In kwano na taron jama'a ne kuma akwai babba a wurin, ba a tsayar da shi da hannu a wanke don kana neman haske. Ɗebi naka daban ka je da shi bakin ƙofa. Almajirin da ke tsaye da robarsa kada ya zama adon bayan hotonka. Sannan a duba lokaci. Tsakanin shuka da kaka, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa a ƙauyuka, cikin masu kallon statunka akwai ɗan ajinku da ya kwana da gari da ruwa. Mai sana'a dole ta yi talla, wannan neman halali ne. Amma mu da muke sawa don a gani kawai, yana da kyau mutum ya tambayi kansa wa ke kallo.

Ɗan littafin nan namu fotokofi ne, ko na sa hoto baƙi da fari zai fito. Wannan ma ya ba ni gwajin da zan bar ku da shi. In ka ɗauki hoton abinci, mayar da shi baƙi da fari a salularka ka duba. In ya zama dunƙulen toka, launi kawai ka kama, sake ɗauka. In har yanzu kana ganin laushin tuwon da yauƙin miyar, to ka samu.

Hutu na tafe. Ɗan Tawa, ɗan Damagaram, ɗan Ƙonni, ƴar Dogon Dutsi, kowa ya zaɓi abinci guda na gidansu wanda bai taɓa gani a statun kowa ba. Ku ɗauke shi a bakin ƙofa da hantsi. Ku tambayi wadda ta dafa yadda ake cewa in ya yi daidai, ku rubuta kalmar a ƙarƙashin hoton yadda ta faɗe ta, da karin harshenta, kada ku gyara mata. In mun dawo sai mu haɗa su, ni ina son kalmomin don kayena. Amma ku yi sauri wajen ɗaukar, hoto uku ko huɗu sun isa, don tuwo in ya huce ba ya jin rarrashi, kuma Inna ba za ta ɗumama shi saboda salula ba.